Yadda za ka fita yawon dare a Kano ranar Juma'a ba tare da gajiya ta kayar da kai ba

Idan kun yi alƙawari da abokinka za ku haɗu wajen mai tsire a Zoo Road bayan Isha'i, washegari ya ce maka "wallahi barci ne ya sace ni", ba sai ka tambaye shi yadda aka yi ba. Ya dawo daga aiki wajen biyar da rabi, ya tuɓe takalmi, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa kafin a kira Magariba. Sai farkawa ya yi ƙarfe goma sha ɗaya da kiran waya bakwai. Ni ma na fi shekara ina haka, har abokaina suka daina sa ni a lissafi.

Da farko, barcin da za ka yi ka yi shi da rana. Ana saukowa daga masallacin Juma'a ka nemi wuri ka yi ƙailula ta minti 20. Minti 20 na ce, ba awa ɗaya ba. Idan barci ya wuce kamar rabin awa jiki yakan nutsa cikin barci mai nauyi, wanda aka tashe shi a nan kuwa kansa kamar an ɗora masa dutse, ya fi kafin ya kwanta kasala. Ka saita ƙararrawar waya, ka ajiye ta inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe ta. In wurin aikinku babu inda za ka kwanta, kujerar mota ma ta isa.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne tsakanin La'asar da Magariba. Iyayenmu sun daɗe suna hana barcin La'asar, kuma a wannan maganar ina bayansu ɗari bisa ɗari. Da ka shiga gida kada ka zauna a bakin gado, kada ka kishingiɗa a falo da waya a hannu kana duba WhatsApp. Kai tsaye banɗaki. Ka watsa ruwan sanyi, in lokacin hunturu ne ka ɗan sirka. Kana fitowa ka sa kayan da za ka fita da su, har hula da turare, tun kafin ladan ya kira Magariba. Wanda ya sa gajeren wando da singileti yana cewa zai canja anjima, ya riga ya kwana. Da kayan nan za ka tafi masallaci, kuma kada ka koma ciki. Ka zauna a majalisa a ƙofar gida har a yi Isha'i, daga nan ka wuce.

Sai maganar ciki. Malmala biyu ta tuwo da miyar kuka ba ta barin kowa ya fita, kuma ai abin da za ka je ci ke nan a waje, tsire ko balangu ko gurasa. Ka ɗan taɓa abu mara nauyi kawai, ka sha ruwa sosai, don rabin gajiyar Kano ƙishirwa ce. Mai aure ya faɗa wa uwargida tun da safe cewa kada a zuba masa tuwon dare, in ba haka ba rigimar da za ta biyo baya ta fi gajiyar. Mafi sauƙi ma ku fita tare.

Shayi kofi ɗaya ko ɓarin goro wajen ƙarfe bakwai ya wadatar. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda ya ƙara wani ƙarfe goma zai kwana yana juyi. Lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari ba na saye, kuɗinsa ya kai na tsinken tsire, ga bugun zuciya.

Ka san yadda za ka dawo tun kafin ka fita. An hana acaɓa a Kano tun 2013, a 2022 kuma gwamnati ta hana adaidaita sahu aiki daga goman dare zuwa shidan safe. In ba ka da abin hawa, ka shirya da abokin da ke da shi, ku haɗa kuɗin mai.

Wuri ɗaya za ku zaɓa. Masu cewa za su fara da Ado Bayero Mall, su leƙa Nasarawa, su ƙare a Sabon Gari, a cikin mota suke ƙare daren. Ku zauna, ku ci, ku yi hira, sha biyu ta same ka a gida don Asuba ba ta jira.