Yadda za ka gane matsayin mutum a ƙauyen Ingila na zamanin da

Yawancin ɗalibai da zane suke fara wannan darasi: sarki a sama, manyan barade a ƙarƙashinsa, talaka can ƙasa. Shawarata ita ce ka ajiye zanen tukuna ka sauka gona, domin matsayin mutum a wancan zamani yana fitowa ne daga abin da ake bin sa.

Fara da littafin Domesday, ƙidayar da Sarki William ya sa aka yi a 1086, shekara ashirin bayan ya ci Ingila da yaƙi. Da Latin aka rubuta shi, yana ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew, a London, amma an saka bayanansa a intanet ƙauye-ƙauye. Zaɓi ƙauye ɗaya tak. Za ka ga garmuna nawa ne, ko akwai wurin niƙa, da yadda aka kasa mazauna. A ƙasar baki ɗaya, kusan kashi 40 cikin 100 manoma ne da ke ɗaure da ƙasar ubangida, wato mai mallakar filayen ƙauyen, wajen kashi 30 masu 'yar gona da bukka ne, kusan kashi 10 kuwa bayi ne.

Daga nan sai ka koma takardun kotun ubangida na ƙarni na 13, nan ne maganar take da nama. Duk sunan da ka ci karo da shi, tambayi kanka: kwana nawa yake yi a gandun ubangida? Manomin da ke riƙe da cikakkiyar gona, wajen eka 30, yakan yi kwana biyu ko uku a mako yana noma wa ubangida, da kaka kuma a ƙara masa, daidai lokacin da nasa hatsin ke jiran yanka. Ɗa mai 'yanci kuɗin haya yake biya.

Tambayar da ta fi taɓa ni ita ce ta aure. Idan ka ga an ci mutum kuɗi don ya aurar da 'yarsa, to ba shi da 'yanci. Kotuna ma da wannan sukan kafa hujja. Idan irin wannan manomi ya mutu, ubangida ya ɗauki dabbar da ta fi kyau a gidan, sa ko doki, alhali iyalin suna cikin makoki. Hatsinsa dole ya kai wurin niƙan ubangida a cire rabo, coci kuma ta karɓi ɗaya bisa goma.

Kada dukiya ta ruɗe ka. Akwai ɗaurarren manomi mai shanun huɗa da gona babba, maƙwabcinsa ɗa ne amma eka biyu gare shi, ƙodago yake yi ya ci. Shi kansa wakilin da ke kula da aikin gandu, daga cikin ɗaurarrun ake zaɓarsa.

Kullum ka duba shekarar takardar. Bayan annobar 1348 ma'aikata sun yi ƙaranci, lada ya tashi, har aka kafa doka a 1351 don danne shi. A 1381 talakawa suka yi bore ƙarƙashin Wat Tyler, suka ƙona takardun kotu da yawa, don a cikinsu aka rubuta abin da ake bin su. Takardar da ta biyo bayan wannan, za ka tarar aikin gandu yana komawa haya ta kuɗi.