Ga 'yan Katsina da Daura masu zuwa aikin ruwa a Ingila: duhun ya fi sanyin illa

Duk yaron da aka turo kwas ɗin sojan ruwa a Dartmouth, ko aikin jirgi a Portsmouth, tambayarsa ɗaya ce: wace rigar sanyi zan saya? Sayi mai kauri, magana ta ƙare. 'Yan uwa na nan za su raka ka kanti. Abin da ke kayar da mutanenmu duhu ne.

A Katsina yini ba ya gaza awa 11 ko da tsakiyar hunturu. Nan kuwa a Disamba awa 8 ne, wajen ƙarfe 4 magariba ta yi. In a ɗakin inji aka sa ka, awa 6 aiki awa 6 hutu, sai ka yi mako ba ka ga sama ba. Da hasken safe jiki ke gane lokaci. In ya rasa shi, sinadarin barci, wato melatonin, sai ya riƙa zuwa ba kan ƙa'ida ba. Daga nan sai kasala, barcin da ba ya isa, kwaɗayin zaƙi, saurin fushi, gudun mutane. Yaro ya kira gida, Hajiya ta ce sammu ne, a aiko da rubutu. A yi addu'a, amma don Allah a fita waje.

Da gari ya waye ka hau saman jirgi minti 30, ko da gajimare ya rufe, don hasken waje ya ninka na fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. In babu hali, nemi fitilar jinya mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne): minti 20 zuwa 30 bayan ka tashi, a gefen fuska, ido buɗe, ba ka ƙura mata ido ba. Wanda ya kunna ta dab da kwanciya ya kori barcinsa da kansa. Mai ciwon ido ya fara tambayar likita.

Daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin sa fata ta haɗa bitamin D, gilashin taga ma tare wannan hasken yake. Hukumar lafiya ta NHS ta ce a riƙa shan maganin bitamin D maikirogiram 10 kullum a waɗannan watannin, mu baƙar fata kuwa duk shekara. Kada a wuce maikirogiram 100 a rana. Duba kwalin, wasu kafso da jelatin na alade ake yi, ɗauki ƙwaya.

In mako 2 ya wuce ranka bai saki ba, je wajen likitan jirgi ka faɗa masa ƙarara. In har tunanin cutar da kanka ya zo, a ranar za ka je.