Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi: kurakuran da muke yi kafin a kai asibiti

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da zarar mutum ya yanke jiki ya faɗi, a kasuwa ne ko a gona, sai a rugo da buta a sheƙa masa ruwa. Wani ya hau fifita, wata ta yanko albasa ta kanga masa a hanci. Ƙauna ce ta sa, na sani, amma idan zuciya ce ta tsaya, duk wannan ba zai tashe ta ba. Ɗura ruwa a baki ma ya fi muni, don huhu zai zarce. Ka durƙusa, ka bubbugi kafaɗarsa, ka kira sunansa da ƙarfi, ka dubi ƙirjinsa ka ga ko yana numfashi, kada dubawar ta wuce daƙiƙa 10. Idan bai amsa ba kuma ba ya numfashi, sai a fara danna ƙirji.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne na kakari. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan ja wani numfashi jifa-jifa, baki a buɗe, kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Sai wasu su ce ai yana numfashi, a ba shi iska. Wasu kuma su ce gargara ce, a nemo mayafi. Wannan kakarin ba numfashi ba ne, alama ce ta a fara danna ƙirji nan take, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata ba. Laƙƙana kalmar shahada ba ta hana hannu aiki.

Masu dannawar kuma tausayi ke ɓata musu aiki, sai su riƙa shafa-shafa don kada haƙarƙari ya karye. Karaya tana ɗoruwa. A sauko da shi daga katifa, a kwantar da shi rigingine a kan dandaryar ƙasa. Ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barinsa ya dawo bayan kowace dannawa. Duk minti 2 wani ya karɓe ka. Wanda ya koya yakan hura iska sau 2 bayan dannawa 30; wanda bai koya ba ya tsaya a dannawar kawai. Idan mace ce ta faɗi, kada kunya ta sa a tsaya neman wata macen.

Sai gaggawar ɗora shi a babur, an sa shi tsakanin mutum biyu kai na lilo. Daga ƙauye zuwa babban asibitin Gumel ko Bichi, tafiyar da babu mai danna ƙirji ta cinye ɗan lokacin da ya rage. A tura wani ya kira 112 ko ya nemo mota mai fili, dannawa ta ci gaba har a cikinta.

Na'urar farfaɗo da zuciya, AED, ita aka haɗa da danna ƙirji aka ceto ɗan ƙwallon Denmark, Christian Eriksen, a fili a 2021. Ba sai likita ba: kunna ta, da kanta take faɗin abin yi. A goge ƙirji ya bushe, a manna faya-fayen na'urar guda biyu, ɗaya ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hamata, kowa ya ɗauke hannu kafin ta saki wuta, sannan a koma dannawa.

Ƙungiyar Red Cross tana koyar da wannan. 'Yan agajin masallatanmu, masu acaɓa da shugabannin kasuwa irin ta Maigatari da Wudil, su ya kamata a fara tarawa su gwada da hannunsu a jikin mutum-mutumin roba.