Yadda za ka yi tambaya kan Python har a amsa maka

Duk mai koyon rubuta manhaja sai ya ga ranar da zai rubuta layi biyar, ya danna, kwamfuta ta watso masa jan rubutu, wato saƙon kuskure. Abin da na fi gani a zaurukan masu koyo na Telegram da WhatsApp shi ne mutum ya ɗauki hoton allo da waya, hoton ma a karkace, ya tura ya ce, "Don Allah a taimaka, ya ƙi aiki." Sai shiru. Shi kuma ya ɗauka an raina shi ne, wani daga nan ya bar koyon ke nan. Wannan yana damuna, domin ba raini ba ne. Mai son taimakon ne bai samu abin kamawa ba.

Kafin ka tura komai, karanta jan rubutun nan, ka fara daga ƙasa. A Python, wato yaren rubuta manhajar da muke magana a kai, layin ƙarshe ne ke faɗin irin matsalar, na samansa kuma su nuna maka lambar layin da abin ya tsaya. Ga misali:

shekaru = input("Shekarunka nawa? ")
print(shekaru + 1)

Ka buga 20, kana jiran 21, sai ka ga TypeError. Dalili kuwa, input rubutu yake dawo maka da shi kullum, ko da lamba ka buga, Python kuma ba ya tara rubutu da lamba. Ka mayar da layi na biyu print(int(shekaru) + 1), shi ke nan. Kwafi layin ƙarshe na jan rubutun yadda yake ka saka a Google. Tun 2008 ake tara irin waɗannan tambayoyi a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, da wuya a ce kai ne farkon wanda ya yi karo da taka.

In ka nema ba ka dace ba, to yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Yi sallama, ka zuba tambayar a saƙo guda. Kar ka ce "ina da tambaya" ka zauna jiran izini. Rage kod ɗin, wato umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, sai layukan da ke kawo matsalar kaɗai, sau da yawa ma a wurin ragewar za ka gano ta da kanka. Tura shi a rubuce, ba hoto ba, don mai amsa ya kwafa ya gwada a tasa na'urar. Sa alamar ``` a farkonsa da ƙarshensa don tsarin layukan ya fito sarai, saboda a Python tazarar farkon layi tana canza ma'ana. Faɗi abin da ka so ya faru, abin da ya faru, da abin da ka riga ka gwada. In a waya kake aiki da Pydroid 3, manhajar rubuta Python a Android, faɗi, babu abin kunya a ciki. Kalmar sirri kuwa, in tana cikin kod ɗin, goge ta kafin ka tura.

Da an warware maka, dawo ka faɗi gyaran da ya yi aiki. Gobe wani sabo zai kawo TypeError irin taka, kai ka amsa masa, kar ka jira manya. A ganina nan ne ƙarfin gwiwa ke shiga, ya fi na kallon bidiyo nesa ba kusa ba.

Idan hannu ya fara faɗawa, buɗe asusu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod suna aiki tare, ka nemi ayyukan da aka yi wa alamar good first issue, wato waɗanda masu aikin suka ware wa sababbin shiga. Ko kuskuren rubutu ka gyara a takardar bayani, gudummawa ce. In mai dubawa ya ce ka sake wani layi, sake shi ka mayar masa, ka kuma tambaye shi dalili.