Kafin Ka Biya Kuɗin Gida, Nemi Safiyon da Ya San Unguwar

Da farko a bambance ayyuka uku da ake yawan cuɗawa. Safiyon ƙasa shi ne mai awo: ya tabbatar da iyaka, ya nemo shaidun siminti da aka kafa a kusurwoyi, ya fitar da taswira. Hukumar SURCON ce ke yi masa rajista. Mai ƙiyasta darajar gida yana ƙarƙashin hukumar ESVARBON, shi zai faɗa maka ko an tsawwala farashi. Lafiyar gini kuwa ta injiniya ce, mai rajistar hukumar COREN. Idan aljihu ba zai ɗauki duka ba, fara da mai awo, domin gida mai kyau a kan filin wani ba naka ba ne.

Kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi. Kada ka karɓi wanda dillali ya kawo, don la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Tambayi lambar rajistarsa, ka ga hatiminsa a kan wata taswira da ya taɓa yi.

Amma rajista kaɗai ba ta isa ba. Gwada shi da tambayoyin da sai ɗan gida ne zai amsa: mene ne a wurin nan kafin a yi gini, gona, fadama ko kududdufi? Ina ruwa ke bi idan sama ta ɓalle a watan Agusta? Yankan gwamnati ne ko awon igiya? Wanda ya hau kame-kame bai san wurin ba, komai tsadar na'urarsa.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. A cikin Kano an cike kududdufai da yawa da shara da ɓaraguzai, aka ɗora gidaje a kai. Irin wannan ƙasa takan ɗauki shekaru tana zama, fandisho ya bi ta, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. Tsagar da ta kai milimita 5, ko wadda ta ratsa bulo ta fito ɗaya gefen, ba ta filasta ba ce, a kira injiniya. A inda ƙasa take laka kuma, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, daɓe ya riƙa fashewa. Maiduguri ta ga ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Bangon da ya kwana cikin ruwa fenti zai iya rufe shi, amma ɗan gari ya san layukan da ruwan ya shiga da inda ya tsaya. Shi ya sa ya fi kyau a duba gida da damina, a lura da laima a gindin bango, da tabon yoyo a silin, da hanyar gara a jikin katakon rufi.

Ranar awo ka je da kanka, a kira maƙwabta da mai unguwa su tsaya a kan iyaka. Filin da takarda ta ce ƙafa 50 ne da 100 yakan ragu a ƙasa, ko a tarar katanga ta ci hanya ko magudanar ruwa. A ɗaga kai a dubi wayoyin lantarki: babban layin wuta na 330kV yana da hurumi mai faɗin mita 50, ginin da ya shiga ciki kuwa yana iya shan rusau. A auna tazarar rijiya da masai ma. Mita 30 ake so.

Daga nan sai mai awon ya kai lambobin awon da ya ɗauka ofishin ƙasa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a duba sunan da ke cikin fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar filin da ke da satifiket, wato takardar mallaka ta gwamnati. Wa'adin satifiket na gidan zama yawanci shekara 99 ne, don haka a lissafa abin da ya rage. In gidan gado ne, nemi takardar rabon gado daga kotu da sa hannun dukkan magada.

Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai rahoto ya zo a rubuce, da taswira, kwanan wata, sa hannu da hatimi.