Kada ku zubar da ganyen seleri

'Yan uwa, idan kun sayo seleri, wato kayan miyan nan mai dogon kara da ganye, ku daina tsinke ganyen kuna zubarwa. Ganyen ya fi karan ƙamshi.

Karan ku yayyanka ku sa tun farko tare da albasa. Ganyen kuwa ku bari sai miya ta kusa sauka.

Ga dalili. Akwai sinadaran da ake kira fitalaid, su ne ainihin ƙamshin seleri. Suna jure wuta, su ke ƙara wa romon kaza armashi. Akwai kuma limonen, irin wanda ke cikin ɓawon lemo. Shi da ya ji zafi sai ya bi tururi ya tafi, shi ya sa ake barin ganyen sai ƙarshe.

Ragowar ganyen ku shanya a inuwa, ba a rana ba. In ya bushe ƙayau, ku murtsuke ku zuba a kwalba mai murfi.

Amma a kula. Seleri mai siririn kara, irin na ƙasar Sin, ya fi ƙarfin ƙamshi sosai. Kaɗan ya isa, in ya yi yawa miya za ta yi ɗaci. Ganyen da ya yi yaushi ya koma rawaya kuwa, ba abin da zai ƙara muku. Wanda seleri ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin baki, ya guji busasshen ma.