Yadda Ake Gane Ma'ana da Amfanin Baƙuwar Sifa a Turanci

Mai karatun Turanci yakan ci karo da sifar da bai taɓa gani ba, ya buɗe ƙamus, ya ɗauki ma'anar farko, ya wuce. A ganina wannan rabin aiki ne, domin abin da ya fi wuyar ganewa a sifa shi ne ko yabo take ɗauke da shi ko zargi. Bari mu ɗauki kalmar obsequious mu bi ta daki-daki.

Kafin ka taɓa ƙamus, sake karanta jimlar da kalmar ta fito a ciki, ka lura da sunan da take siffantawa da kuma ra'ayin marubucin game da mai wannan suna. Daga nan sai ka nemi ƙamus na masu koyo, irin wanda A. S. Hornby ya tsara, kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya buga a 1948, wanda har yau ake sabunta shi. Irin wannan ƙamus yana bayani da kalmomi masu sauƙi, yana ba da misalan jimloli, kuma yakan sa alama idan kalma ta zargi ce ko ta rubutun hukuma. Kada ka tsallake alamar nan. Za ka tarar obsequious tana nufin mai wuce gona da iri wajen faranta wa wani rai, musamman na sama da shi. Ashe ke nan ta fi kusa da fadanci da tumasanci, ta yi nisa da ladabi. Wanda ya rubuta wa malaminsa cewa ɗaliban malamin obsequious ne, da niyyar yaba biyayyarsu, ya zage su bai sani ba.

Sanin tushe yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe. Kalmar ta fito daga Latin, kuma a cikinta akwai sequi, wato bi, tushen da ya haifar da sequence da consequence. Da farko ma'anarta a Turanci mai biyayya ce kawai, daga baya ta karkata zuwa zargi, abin da ke nuna cewa tushe ba ya isa hujja kan yadda ake amfani da kalma a yau.

Sai furuci: gaɓa huɗu ce, ana ƙarfafa ta biyu. Saurari muryar da ƙamusoshin intanet ke sakawa, ka maimaita da baki.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne neman abokan tafiyar kalmar. Akwai rumbunan rubutu, kamar British National Corpus mai kalmomi kimanin miliyan 100, inda za ka ga jimloli na gaskiya. Karanta goma ko ashirin, za ka ga sifar tana yawan siffanta murmushi, hali, ma'aikacin hidima ko na kusa da masu mulki, kuma tana ɗaukar kalmar Turanci to ko towards kafin wanda ake yi wa fadancin. Ka haɗa da danginta, wato bayanau obsequiously da suna obsequiousness.

Daga ƙarshe rubuta jimloli uku naka, sannan ka cire sifar ka sa polite a gurbinta. Idan ma'anar jimlar ba ta sauya ba, to ba ka yi amfani da ita daidai ba, sai ka koma ga misalan ka sake gwadawa bayan kwana biyu.